Agogon na'ura ya ƙi karɓar saiti: amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga Agege: Malam, barka da aiki. Ina haɗa allon lokutan sallah na masallacin unguwarmu. Na sa ƙaramar kwamfuta mai Linux da agogon DS1302 (ɗan guntun da ke riƙe wa na'ura lokaci) da na saya a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Ina tura masa lokaci, ba ya nuna wata matsala, amma in na sake karantawa sai in tarar da tsohon lokacin. Na canza batir, haka dai. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin komawa Ikeja da faɗa. Alamu sun nuna agogon a kulle yake.

A cikin DS1302 akwai wata rajista (ɗan gurbin ajiye lamba a cikin agogon) ta sarrafawa, ana rubuta mata ta adireshin 0x8E, ana karanta ta ta 0x8F. Bit (ɗigon da ke zama 0 ko 1) na 7 a cikinta shi ne kwaɗon, ana ce masa WP, wato kariya daga rubutu. Muddin yana kan 1, duk abin da ka tura wa sauran rajistocin zubar da shi ake yi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne agogon ba ya mayar da amsar cewa ya ƙi, don haka manhajarka sai ta ɗauka aiki ya yi. Kuma ba a da tabbacin yadda bit ɗin zai tashi ranar da aka fara ba agogon wuta, shi ya sa ba a zato, sai an rubuta 0x00 a 0x8E tukuna.

Akwai wani tarko da na fi zargi a wajenka. Agogon yana karɓar rajistoci takwas a turi ɗaya ta adireshin 0xBE, kuma ta takwas ɗin ita ce ta sarrafawar. Sai mutum ya ce bari in cusa 0x00 a ƙarshen jerin, in buɗe in rubuta gaba ɗaya. Ba ya yiwuwa. In WP yana kan 1 lokacin da aka fara turin, ko ɗaya cikin takwas ɗin ba ta shiga, har da ita kanta. Buɗewa daban ake yi, sannan turi ya biyo baya, a sa 0x80 a baiti (lambar rajista guda) na ƙarshe ya mayar da kulle.

Na san abin da zai zo maka a rai: a buɗe sau ɗaya a bar shi haka mana. Ban ba ka wannan shawarar ba, musamman a Legas. A ɗan tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta, ƙarfin lantarki yana sauka a hankali, kwamfutar tana iya watsa shirme a kan wayoyin agogon kafin ta mutu, shi kuwa yana nan da rai a kan batir yana sauraro. Don irin wannan lokacin aka yi kullen. Wannan kwaɗon ne kuma ke tsare rajistar caji ta 0x90, wadda in ta kunnu bisa kuskure za ta riƙa tura wa batirin agogon, CR2032, wuta, alhali ba na caji ba ne.

Tunda Linux kake amfani da shi, ka bar kanel, wato zuciyar Linux ɗin, ya yi aikin. Yana da direba (manhajar da ke magana da na'urar) mai suna rtc-ds1302 da ke buɗewa, ya rubuta, ya kulle. In agogon ya bayyana a matsayin /dev/rtc0, ka gyara lokacin kwamfutar, ka buga hwclock -w don rubuta shi a agogon, sannan hwclock -r don karantawa ka gani da idonka. In kuma naka direban ka rubuta, ka tsare matakan uku da makullin mutex guda (makullin manhaja da ke barin aiki ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda), kada wani aiki ya kutso tsakani. Ka kuma duba bit na 7 na rajistar daƙiƙa: in yana kan 1, agogon a tsaye yake cak. Lambobin ma da tsarin BCD ake rubuta su, wato kowane adadi da gurbinsa daban, minti 25 shi ne 0x25.

Tambaya daga Idi-Araba: Ni guntun STM32F4 mai agogo a cikinsa nake amfani da shi, da manhajar FreeRTOS, matsalar iri ɗaya ce.

Amsa: Naka kulle biyu ne. Ka fara buɗe na farko da kunna bit na DBP a rajistar PWR_CR, sannan na biyu: ka rubuta 0xCA, ka bi shi da 0x53 a rajistar RTC_WPR. Daga nan ka kunna bit na INIT don shiga yanayin saiti, ka jira bit na INITF ya tashi kafin ka taɓa lokaci da kwanan wata. In ka gama, ka sauke INIT, ka rubuta 0xFF a RTC_WPR, domin duk lambar da ba daidai ba tana mayar da kulle. Wannan tsarin bai shafi STM32F1 ba, nasa agogon daban ne.

Tambaya daga Mile 12: Agogona kullum yana baya da awa ɗaya cif.

Amsa: Lafiyarsa ƙalau. Yana riƙe da lokacin UTC ne, wato ma'aunin lokaci na duniya, Najeriya kuma tana gaba da shi da awa ɗaya. Ka bar shi yadda yake, ka saita yankin lokaci na kwamfutar zuwa Africa/Lagos.