Tambaya da Amsa: Faifan Archie Roach na Farko

Tambaya: Edita, na ji ana yabon faifan Charcoal Lane na wani mawaƙin 'yan asalin Ostareliya. Me ya ƙunsa, kuma ta ina zan fara saurare? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Faifan Archie Roach ne na farko, ya fito a 1990 da waƙoƙi 10. Makaɗan Ostareliya Paul Kelly da Steve Connolly suka tsara shi. Kiɗan ba hayaniya, jita ce mafi yawa, muryar ke jan ragama.

Fara da "Took the Children Away". Tana magana kan yadda hukumomi suka riƙa ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga iyayensu, suna kai su gidajen marayu ko hannun Turawa, har zuwa wajajen 1970. Shi kansa Roach yana ɗan ƙarami aka ɗauke shi daga Framlingham a jihar Victoria. Ka lura, waƙar ta riga rahoton binciken gwamnati na 1997 kan ƙwace yaran, ta kuma riga neman gafarar da Firaminista Kevin Rudd ya yi a 2008.

Daga nan sai "Beautiful Child", kan mutuwar wani matashi a tsare, sannan "Down City Streets" wadda matarsa Ruby Hunter ta rubuta kan rayuwar titi.

Inda masu saurare kan yi kuskure shi ne sanyin muryar kan sa su ɗauka waƙoƙin soyayya ne. Ka nemi rubutattun baitocin ka riƙa bi, domin Turancin Ostareliya yakan haɗiye ƙarshen kalmomi.