Amsoshin Tambayoyinku: Saƙon Uwa, Rigar Gwanjo da Dillalin Aikin Soja

Tambaya: Ɗana ya tashi a Amurka wajen kawunsa, ya shiga sojan ruwa. Yanzu yana cikin jirgin dakon jiragen yaƙi da ya bar tashar jiragen ruwa ta Norfolk a Amurka, sai a kwana biyu ban ji muryarsa ba. Ina son in saya masa kilishi da bargo da babban akwati in aika. (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Shirun nan ba na lalura ba ne. Irin waɗannan jirage sukan yi wata 6 zuwa 9 a tafiya, kuma akan tsinke intanet da gangan don kada a gane inda suke. Jirgin ya kai mita 330 a tsawo, yana ɗauke da mutum wajen 5,000, da likitocinsa da masu aski da ɗakin girkin da ba ya hutawa. Ba zai kwana da yunwa ba.

Akwatin kam ki bar kuɗinki. Gadajensu hawa uku ne, wani bisa wani, mutum ba ya iya zama a miƙe a kai, kayansa kuwa a ƙarƙashin katifa suke, cikin ɗan wurin da bai fi tafin hannu zurfi ba. Ina zai kai akwati da bargo? Kilishi ma ban ba ki shawara ba, kwastan na Amurka ba sa barin nama daga nan ya shiga. Ki tura wa kawunsa kuɗin ya sayi safa masu kyau da yawa, don yaron kan yi awa 12 ko fiye a tsaye cikin takalmi mai nauyi. A haɗa da ƙaramar tocila da carbi da siririyar darduma mai naɗuwa, a aika ta adireshin gidan wayar soja. Ki rubuta masa wasiƙa da hannunki a saka ciki. Allah ya dawo miki da shi lafiya.

Tambaya: Na ga riguna kala-kala a gwanjo, an ce na ma'aikatan jirgin ne. Wace kala ce ta manya in saya? (Wani matashi daga Kaduna)

Amsa: Babu ta manya. Kalar aiki take nunawa, domin ƙarar injin ba ta barin a ji magana a saman jirgin. Masu rawaya ke nuna wa jirgin sama hanya, masu shunayya ke zuba mai, masu ja na kula da bama-bamai da kashe gobara, masu kore na kan na'urar cilla jirgi da igiyar tare shi. Kai wanne za ka yi a Kawo? In kuma da tambarin soja a jikinta, ka san abin da ke jiranka a shingen bincike.

Tambaya: Wani ya ce in kawo naira miliyan 3 ya samo min aikin girki a jirgin dakon jiragen Amurka. Babana ya yarda a sayar da fili. (Wani daga Funtuwa)

Amsa: Ɗana, kada a taɓa filin nan. Mutumin nan ɗan damfara ne, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kowane wata sai irin wasiƙar nan ta zo. Mai dafa abinci a jirgin nan soja ne cikakke, ya bi ta sansanin horo na Great Lakes a jihar Illinois kamar kowa. Ba a ɗaukar mutum sai ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin a Amurka, kuma ba a biyan ko sisi. To ta wace ƙofa dillalinka zai shigar da kai daga Funtuwa?

Abin da ke ba ni takaici, mutumin da zai yi rabin awa yana ciniki kan kwanon masara shi ne zai miƙa miliyoyi don an nuna masa takarda mai hatimi a WhatsApp. Ba rasit, ba ofis, ba shaida. In kuɗin farko ya shiga sai a ce saura na gwajin lafiya, sai na biza, sai na kaki, daga nan lambar ta daina shiga. 'Yan'uwanmu mata ma ba su tsira ba: wani zai ɓullo a Facebook da hoton kaki, ya ce yana tsakiyar teku, a turo masa kuɗin neman hutu. Babu sojan da ke sayen hutunsa.

Kuma wa ya gaya maka aikin hutu ne? Masu aikin ƙasan jirgin sukan yi kwanaki ba su ga rana ba, jirage na dira bisa kansu cikin dare suna neman barci.

In aikin ruwa kake so da gaske, rundunar sojan ruwan Najeriya na buɗe shafin ɗaukar aiki, kyauta ake cikewa, horon kuma a Onne ake yi a jihar Ribas. Ba ta da jirgin dakon jirage, amma aiki ne na halal. Ka karanta wa Baba wannan amsar da bakinka, sannan ku kai lambar mutumin da lambar asusunsa wajen 'yan sanda.