Babur Mai Farfela: Abin da Ido Ba Ya Gani

Ka tambaye ni kan sabon Moto Guzzi ɗin da aka kawo mana sabis ɗinsa na farko. Ka ce mai shi ya gaya maka tunda ba shi da sarƙa, bayansa ba ya bukatar komai, a zuba mai kawai a hau, kana so ka san ko haka ne. To yarona, ba haka ba ne, kuma da irin wannan maganar ake kashe babura masu tsada.

Fara da sanin abin da ke gabanka. Tun 1921 kamfanin nan yake ƙera babur a Mandello del Lario, a bakin tafkin Komo da ke arewacin Italiya. Tsarin da kake gani, silinda biyu sun leƙo hagu da dama sun buɗe digiri 90, ya samo asali daga V7 na 1967, wanda injiniya Giulio Cesare Carcano ya zana. Karanshaf ɗinsa, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji, yana bin tsawon babur ne, daga gaba zuwa baya, kamar na mota. Ƙarfi yana fita daga inji ya bi ta kuloci, ya shiga giya, ya bi farfela, wato sandar ƙarfe mai juyawa da ke ɓoye cikin hannun da ke riƙe tayar baya, sannan ya isa wani ɗan akwati a jikin tayar, inda haƙora biyu suke karya shi ya juya taya. Idan ka riƙe wannan hanyar a kanka, sauran aikin zai zo maka da sauƙi.

Sarƙa in ta bushe tana kuka, in ta saki kana gani, mai babur da kansa zai kawo ta. Farfela kuwa shiru take yi. Ranar da ka ji ƙararta, ɓarna ta riga ta yi nisa. Shi ya sa mu ne za mu je mu duba ta, ba jira za mu yi ta kira mu ba.

Mai uku ne a babur ɗin nan, kowanne da ɗakinsa: na inji, na giya, da na akwatin baya. Ka saba da baburan da mai ɗaya ke wanke inji da giya da kuloci gaba ɗaya, nan ba haka ba ne. Inji yawanci 10W-60 yake sha, giya da akwatin baya kuwa man giya mai kauri, kuma ba lallai su zama iri ɗaya ba. Kada ka yi aiki da ka. Buɗe littafin samfurin da shekararsa, domin ma'aunin yana canzawa ko a tsakanin V7 da V7.

Akwatin bayan nan shi nake so ka fi ba hankalinka. A kan ƙananan V7 man da yake ɗauka bai kai rubu'in lita ba, amma duk ƙarfin injin a kan haƙoransa yake sauka. Ka yi juye bayan an ɗan zaga da babur, mai na da ɗumi. In ka kwance notin ƙasa, kada ka yi saurin goge shi. Ɗaga shi a haske ka duba maganaɗisun da ke bakinsa. Baƙin laushi mai santsi, wanda in ka murza tsakanin yatsu ba ka jin komai, wannan haƙora ne ke zama da juna, kuma a sabon babur dole ka gan shi. In ka ji tsini, ko ka ga ɓarɓashi na walƙiya, tsaya nan ka kira ni. In man ya fito fari-fari, ruwa ya shiga, galibi daga masu wanki da ke saita ruwa mai ƙarfi a kan sil da hancin numfashin akwatin.

Wajen zubawa ka auna da sirinji. Na san zuciya tana raya wa mutum ya ɗan ƙara don alheri, amma in ya yi yawa, da ya ɗau zafi zai nemi hanyar fita, kuma maƙwabciyarsa tayar baya ce. Ran mutum ne a kan tayar nan. Sa sabon washa, ka ɗaure da sifana mai awo, domin jikin akwatin alminiyom ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo.

Duk ranar da ka cire tayar baya, ka duba mahaɗar da ke tsakaninta da akwatin, ka tsabtace ta ka yi mata abin da littafi ya ce. Ka leƙa robar da ta rufe kuros, wato gaɓar farfela mai lanƙwasawa, a bayan giya, in ta tsage ƙura da ruwa sun sami ƙofa. Kafin ka sauke babur, riƙe taya sama da ƙasa ka jijjiga. Kada ka ji wasa ko kaɗan.

Bawul kuwa a nan za ka ji daɗin babur ɗin. Kawunan silinda a waje suke, ka kwance murfi ka ga komai a gabanka, daidaita ratar bawul da noti da sukuru ne kawai. Sharaɗi ɗaya, inji ya kwana ya huce sarai. Ɗan ƙas-ƙas ɗin da yake yi kada ya dame ka. Wanda ya yi tsit shi ne abin tsoro, don bawul ɗin da aka matse ƙonewa yake yi.

Sauran aikin na bakinka ne, in mai shi ya zo ɗauka. Sabon mai babur yana tsorata da abin da ba ciwo ba. Zai ce in ya murɗa totur a tsaye babur na karkata dama. Gaya masa juyin karanshaf ne, haka aka haife shi. Zai ce giya na shiga da ƙara, kuloci na kaɗawa. Kulocin busasshe ne irin na mota, ba ya cikin mai, don haka kada ya riƙe shi a matse a dogon tsayi, ya sa furi. In zai rage giya ya ɗan ba da wuta tukuna, ya saki kuloci a hankali, domin farfela ba ta da sassaucin sarƙa, in ya sake shi gaba ɗaya tayar baya na iya tsalle ko ta ja ƙasa, musamman a kan jiƙaƙƙen titi. Kuma in ban da irin V100 Mandello mai ruwa, iska ce ke sanyaya injin, kada ya bar shi yana sulo a tsaye da sunan ɗumamawa.

Kan V7 na yanzu, sabis na farko a kilomita 1,500 ne, daga nan duk 10,000. Rubuta masa kilomita da ranar da ka yi juyen kowane mai a littafinsa, ka sa hannu, saboda garantinsa a kan wannan rubutun ya rataya. Yanzu je ka ɗauko sirinji da tire mai tsabta, mu fara da akwatin baya tun yana da ɗumi.