Kafin ka zaɓi NAS, ka fara lissafin wuta da kwafi na biyu

Wa'alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka. Ka ce hotuna da bidiyon iyali sun cika wayoyin gida, ga finafinai da karatuttukan malamai kimanin TB 3 a warwatse cikin diskin waje guda biyu, kana son na'ura ɗaya da za ku riƙa kallo a talabijin kuma ta zame muku ma'ajiya. Irin wannan na'ura ita ake kira NAS, akwati mai diskoki da ake haɗawa da rautar gida. Kana neman shawara tsakanin ta kamfanin Synology da ta QNAP, da kuma mai gurbin diski biyu ko mai huɗu.

Na daɗe ina amfani da NAS a gida, na kuma haɗa wa wasu 'yan'uwa nasu. Abin da na fi gani shi ne mutum ya zuba kuɗinsa duka a kan akwatin, ya rasa na UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke) da na diskin da zai ajiye a wani wuri. A ganina gara ka sayi ƙaramin akwati, ragowar kuɗin ya tafi kan waɗannan biyun.

Bari in fara da wuta, domin a wajenmu ita ce ta fi kashe irin wannan na'ura. Diskin da ke ciki yana juyawa ne sau 5400 ko 7200 a minti, kuma kusan kullum na'urar tana rubuta wani abu. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar rubutu, fayil na iya lalacewa, wani lokacin ma tsarin ajiyar gaba ɗaya ya rikice. Sau ɗaya ko biyu tana iya jurewa, amma a gidan da ake ɗaukewa ana kawowa sau da yawa a yini, ga sauyi zuwa janareta, ba za ta yi nisa ba. Ka nemi UPS mai kafar USB, ka haɗa shi da NAS ɗin da waya. Amfanin wannan haɗin shi ne UPS zai sanar da ita cewa wuta ta tafi, sai ta rufe kanta cikin natsuwa kafin batir ya ƙare. UPS marar wannan kafa jinkirta matsalar kawai yake yi. Idan kana da sola da inbata to ka huta, domin mai gurbi biyu wat 15 ko kusa da haka take ci, wato abin da bai kai rabin yunit ba a awa 24. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na saurin ba mutane shawarar mayar da tsohuwar kwamfutar tebur NAS da TrueNAS ko OpenMediaVault. Manhajojin kyauta ne kuma suna da kyau ƙwarai, amma tsohuwar kwamfuta tana iya cin ninki uku ko huɗu na wannan wutar, kuma da daddare batirinka ne zai biya.

Sai zafi da ƙura. Kada ka kulle ta cikin durowar talabijin. A watan Afrilu da Mayu ka riƙa duba zafin diskin a shafin na'urar. Ni idan ya haura 45 a ma'aunin Celsius nakan canza mata wuri. Bayan hunturu kuma a buɗe a hure ƙurar da ta taru a fanka.

Yanzu maganar da na fi so ka riƙe. Mai gurbi biyu ana saita ta ne a RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a diski ɗaya ana rubuta shi a ɗayan. Idan ka sa TB 4 guda biyu, TB 4 kake da shi, ba 8 ba, kuma a allo za ka ga kusan 3.6. Amfaninsa ɗaya ne: idan diski guda ya mutu, aiki bai tsaya ba, sai ka sa sabo. Amma idan yaro ya goge jakar hotuna, ta gogu a duka biyun. Idan tsawa ta bi ta waya, ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, ko masu kutse suka kulle fayilolin, duka biyun sun tafi tare. Kamar ka raba kuɗinka a aljihu biyu na riga ɗaya ne. Masu wannan aiki suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gida.

Ba sai ka yi wa komai haka ba. Fim ana iya sake samunsa. Bidiyon suna da na biki, muryar mahaifi da ya rasu, takardun fili da na makaranta, waɗannan ba a sake su. Ka ware su jaka guda, za ka ga ba su kai yawan da kake zato ba. Diskokin wajen nan naka guda biyu kada ka sayar. Ka riƙa kwafe wannan jakar a kansu, ɗaya a gida, ɗaya a shago ko gidan ɗan'uwa, kana musanya su duk wata. Turawa zuwa Google Drive ko Backblaze yana da kyau, sai dai da datar waya tura ɗaruruwan GB ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka takardu kaɗai nake turawa can.

Game da diskin kansa, ka nemi waɗanda aka yi don NAS: WD Red Plus, Seagate IronWolf ko Toshiba N300. Ka lura da kalmar Plus ɗin nan. A 2020 an gano cewa wasu WD Red masu TB 2 zuwa 6 suna amfani da salon rubutu na SMR, wanda ke yin nauyi sosai lokacin da RAID ke sake gina kansa, daga nan ne kamfanin WD ya ware masu salon CMR, wanda ba shi da wannan matsalar, da sunan Red Plus. Idan mai shago bai san bambancin ba, ka duba lambar samfurin a intanet kafin ka biya. Na hannu kuwa, ko da manhajar duba lafiyar diski ta CrystalDiskInfo ta nuna maka awanni kaɗan ya yi yana aiki, ka sani ana iya goge wannan lissafin. Ni dai ba zan ɗora hotunan iyali a kansa ba.

A kan zaɓin kamfani, ga mai farawa na fi karkata ga Synology saboda manhajarsu ta DSM tana da sauƙi, kuma Synology Photos yana kwashe hotunan waya da kansa da zarar an shiga Wi-Fi na gida. QNAP sau da yawa suna ba da ƙarfen da ya fi ƙarfi a farashi ɗaya, amma suna son mai kula. Kallon fim kuma ya danganta da talabijin ɗinka. Idan yana buɗe fayil ɗin kai tsaye ta manhajar kallo irin Plex ko Jellyfin, ko ƙaramar Synology DS223j ta isa. Idan sai NAS ɗin ta sauya bidiyon zuwa tsarin da talabijin ke ganewa tana turawa, kana buƙatar furosesan Intel, irin Celeron J4125 da ke cikin DS224+. Ka kuma zaɓi wadda ke karɓar tsarin ajiyar fayil na Btrfs, ka kunna snapshot na kullum, wato adana yadda fayiloli suke a kowace rana, shi ne zai dawo maka da jakar da aka goge jiya. Mai gurbi huɗu ba ka buƙatarta da TB 3. Mai biyu da diskoki masu TB 6 ko 8 za ta kai ka shekaru.

Wani abu da ake mantawa: wasu rautocin 4G kafarsu ta waya 100 Mbps ce kawai, wato kusan MB 11 a daƙiƙa. Ƙaramin suwic (akwatin haɗa wayoyin network) na gigabit zai kai ka wajen MB 110. Ka haɗa NAS ɗin da waya, talabijin ma idan zai yiwu.

Kada ka buɗe ta kai tsaye ga intanet. A 2021 harin kutse na Qlocker ya kulle fayilolin masu QNAP da yawa, a 2022 wani mai suna DeadBolt ya sake afka wa NAS na QNAP da na Asustor ana neman kuɗin fansa, kuma waɗanda suka bar nasu a buɗe ne abin ya fi shafa. Ka kashe UPnP (saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa zuwa intanet) a rauta, ka rufe asusun admin na asali, ka riƙa sabunta manhaja. Idan kana son shiga daga waje, manhajar Tailscale, mai haɗa na'urorinka ta hanyar sirri, tana aiki ko a layin waya da ba ya ba da adireshi na kai tsaye.

Ka gaya mana sunan talabijin ɗinka da kuma ko kana da inbata, sai in faɗa maka wadda zan saya idan ni ne a matsayinka.