Amsa ga Hajiya kan saƙon canjin asusun banki daga Caina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji shugaba, barka da yamma. Hajiya, na saurari muryarki tun da azahar, aiki ne ya riƙe ni a shago. Ga waɗanda ba su ji ba: Hajiya ta ce mutumin da take saro yadi da leshi a wurinsa a Guangzhou ya aiko mata da imel cewa sun canza asusun banki, wai ta tura cikon kuɗin kwantena a sabon asusu kafin Juma'a, in ba haka ba kaya ba za su hau jirgi ba. Tana tambaya, ta tura ko ta dakata.

Hajiya, don Allah ki dakata. Ko dala ɗaya kada ta fita sai kin ji muryar mutumin nan da kunnenki. Kuma kada ki kira lambar da ke ƙasan imel ɗin. Tsohuwar lambarsa za ki nema, wadda kuka saba magana da ita tun farkon hulɗarku. In kina da wanda yake duba miki kaya a can, ki sa shi ya taka har ofishin ya tambaya ido da ido. Sannan ki duba sunan mai sabon asusun. In sunan mutum ne maimakon na kamfani, ko bankin yana wata ƙasa daban, to magana ta ƙare.

Bari in gaya muku yadda ake wannan satar. Ɓarawon ba ranar ya zo ba. Ya riga ya shiga akwatin imel ɗin mai kayan, ko naki, ya zauna shiru yana karanta duk abin da kuke rubutawa. Ya san kuɗin da kika bayar na kafin alƙalami, ya san abin da ya rage, ya san yadda mutumin yake gaishe ki. Sai lokacin biya ya yi, ya aiko da takarda mai tambarin kamfanin sak, lambar asusu kaɗai ya sauya. Wani lokaci ma adireshi yake buɗewa mai kama da na gaskiya, harafi ɗaya ne bambancin, a ƙaramin gilashin waya ido ba zai kama ba. Kada ki ga kamar ƙananan 'yan kasuwa kaɗai ake yi wa. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya ya karɓe sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook da takardun neman biya na jabu, da sunan wani kamfanin Taiwan da suke hulɗa da shi. A 2019 kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 5. Su da suke da masana kwamfuta cike da gida ke nan.

Kuma yanzu abin ya ƙara muni, domin murya ma ana ƙirƙirar ta. A farkon 2024 a Hong Kong, ma'aikacin wani kamfanin injiniyoyi na Ingila ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya yi da manyansa, ashe fuskokin da muryoyin duk na'ura ce ta haɗa su. Shi ya sa na ce ke za ki kira, ba ki jira a kira ki ba. In kun yi magana, ki jefa masa tambayar da ba ta cikin imel, kamar abin da kuka tattauna ranar da kika je shagonsa.

To tunda an taɓo maganar, bari in faɗi wanda ya fi damuna, don shi ne yake cin mutanenmu a nan Kumasi, daga Aboabo har Kejetiya: ƙwace WhatsApp. Wani zai kira ka da sallama mai daɗi, ya ambaci sunan ƙungiyarku, ya ce akwai taro ta intanet da daddare, an turo maka lambobi shida, ka karanto masa ya sa ka a ciki. Lambobin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana karantowa an fitar da kai, shi kuma ya bi abokan cinikinka ɗaya bayan ɗaya da hotonka da sunanka, yana cewa MoMo ɗina, wato asusun kuɗi na waya, ya cika, a tura wa wannan lambar. Mutuncin da ka yi shekaru kana tarawa a kasuwa, da shi ake karɓar kuɗin mutane. Maganinsa bai kai minti biyu ba. Ka shiga saiti, ɓangaren asusu, ka kunna matakin tsaro na biyu, ka sa lambar sirri taka. Imel ma haka, Facebook ma haka.

Na MoMo kowa ya sani, amma har gobe ana faɗawa. Saƙo ya shigo wai an turo kuɗi, yaron shago ya miƙa kaya. A'a. A danna *170# a ga kuɗin a cikin asusu tukuna. Lambar sirri kuwa ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga ofis yake. Kuma yaron da ya bar aiki, a canza duk lambobin da ya sani a ranar, ba zargi ba ne, tsari ne.

Masu kwamfuta a ofis, irin masu kemis da 'yan canji, ku naku shi ne cutar kwamfuta da ke kulle takardu ta ce sai an biya fansa. Ku riƙa kwafe lissafinku a wata ma'ajiya, ku cire ta daga jikin kwamfutar ku sa a durowa, don in tana jone ita ma kulle ta za a yi. Mai Windows 10 kuma ya sani Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

In kuma an riga an tura kuɗi, Allah ya kiyaye, kunya ba ta da amfani a nan. A kira banki a take a nemi su tsayar da kuɗin, sannan a kira 292. Wannan layin Hukumar Tsaron Intanet ta Gana ne, wadda dokar 2020, doka mai lamba 1038, ta kafa. Kada a goge saƙonnin, su ne shaida.

Hajiya, ki turo min hoton imel ɗin ta gefe, yadda adireshin zai fito gaba ɗaya, haɗe da wani tsoho da kika tabbata nasa ne, in gwada su. Ki kuma canza lambar sirrin imel ɗinki yau da daddare. Wanda bai iya kunna tsaron WhatsApp ba ya same ni a shago a Adum gobe bayan la'asar da wayarsa, ba na karɓar ko sisi a kan wannan. Wassalam.