Sabuwar eriya, tsohon kunne: amsar wasiƙunku

Tambaya: Malam, ina rediyon sha'awa, wato hira da abokai ta na'urar rediyo, a gajeren zango. Na sauke tsohuwar eriyata ta zaren waya, na ɗora sabuwa mai tsada da aka ce ta fi ta da desibel 2 a ma'aunin ƙarfin sigina. Ranar farko abokina ya ce muryata ta fito tangaran, washegari ya ce kamar daga rijiya nake magana. An cuce ni ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan wasiƙa ta ishe ni, sunan mai aikowa kawai ke canzawa. Ka gwada eriya ɗaya jiya, ɗaya yau, kana jiran kunnen abokinka ya yanke hukunci? A gajeren zango sigina na dawowa ne daga saman sararin samaniya, yana hawa yana sauka, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya yi lilon desibel 10 ko fiye. Desibel 2 ɗinka a cikin wannan, allura ce cikin ruwa.

Desibel 3 ninkin ƙarfi ne, wat 100 ya koma 200. A mitar S kuwa, wadda ke nuna ƙarfin sigina a jikin rediyo, rabin mataki ne kacal, domin tun 1981 IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, ta ba da shawarar mataki ɗaya ya zama desibel 6. Rediyoyi da yawa ma ba sa bin wannan, kowace da son ranta. Ga kuma AGC, mai daidaita ƙarfin sigina da kanta, a rediyon abokinka, aikinta ke nan ta rage mai ƙarfi ta ɗaga mai rauni, har su zo kunne kusan kai ɗaya. Sannan wanda aka gaya wa an sayi sabon kaya, kunya ba za ta bar shi ya ce bai ji bambanci ba.

Ban ce desibel 2 banza ba ne. In sigina na da ƙarfi, ba wanda zai lura. In ya nutse cikin shuuu, su ne za su sa a kama lambar kiranka maimakon a yi ta "sake faɗa".

In kana son gwaji na gaskiya, ɗora eriyoyin duka biyun, nesa da juna, ka haɗa su da makunnin sauyawa, ka riƙa juyawa nan take, sau da yawa, ba tare da gaya wa abokinka wacce ke aiki ba. Ni dai WSPR nake bari ta kwana tana aiki, manhaja mai aika raunanan sigina don wasu tashoshi su auna, ta Joe Taylor, wanda ya ci kyautar Nobel a 1993. Tashoshi masu yawa za su ba ka lambobin ƙarfin siginarka, kuma kwamfuta ba ta jin kunyarka.

Tambaya: SWR ɗina, wato ma'aunin dacewar eriya da rediyo, 1.5 ne. In hau in rage tsawon wayar?

Amsa: Sauko daga tsanin nan, Alhaji. Asararka ba ta kai desibel 0.2 ba.

Tambaya: Wayata sandar sabis uku, ta mijina huɗu, layi ɗaya. Tawa ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Kowane kamfani da yadda yake zana sandunansa. Ki duba lambar dBm, ma'aunin ƙarfin sabis, a saitin waya: -85 ya fi -100.