Ku Tambaya Mu Amsa: Gwajin Damuwa Ta Hanyar Yawu

Wata ɗaliba mai nazarin halayyar ɗan Adam ta rubuto daga Unguwar Rimi: tana son auna damuwar ɗalibai lokacin jarrabawa ta hanyar yawunsu, ta ga ana tallar kayan gwajin a WhatsApp da rahusa, kuɗinta kuma ba yawa. Ta saya?

'Yata, kwantar da hankalinki, bincikenki mai kyau ne. Sinadarin da kike nema sunansa kotisol, daga wasu 'yan halittu biyu da ke bisa ƙoda yake fitowa, kuma yana ƙaruwa a yawu kamar minti 20 zuwa 30 bayan tashin hankali. Tun 1993 masana a Jami'ar Trier ta Jamus suka fitar da tsarin tsayar da mutum gaban alƙalai ya yi jawabi da lissafi don hankalinsa ya tashi, ana ɗibar yawunsa a auna kotisol.

Amma kada ki saya. Araha ba ta ado. Magungunan wannan gwaji a firij suke zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius. Wanda ya ajiye su a shago cikin zafin Afrilu, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ruwan banza zai sayar miki a kwali mai ƙyalli. Abin da ke ƙona mini rai ke nan da mutanenmu: a taya atamfa sau uku a Kasuwar Barci, a murza ta, a duba bakinta, amma abin da digirin jami'a ya rataya a kansa sai a tura kuɗi ga lambar da ba a san mai ita ba! Nemi rasit, lambar rukunin da kamfani ya buga a kwali da ranar lalacewa. Kafin nan ma, samo ɗakin gwajin da ke da na'urar karanta sakamakon da firiza mai janareto, ki kuma karɓi izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

Ki ɗebi yawun kowa a lokaci guda, don kotisol yana kai ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, ya yi ƙasa sosai da tsakar dare. Ban da abinci, shayi, goro da asuwaki aƙalla rabin awa kafin a ɗiba. Jinin dasashi yana ɓata sakamako. Ki tambaye su a sirrance ko suna shan maganin ƙiba na "sha ka fashe" ko shafa man bilicin, da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke danne kotisol. Kauce wa watan azumi, tashin sahur yana sauya lissafin.

Wani magidanci daga Rigasa yana son a gwada yawun matarsa ya gane ko da gaske take cikin damuwa ko langaɓewa ce.

Malam, gwaji ɗaya ba ya nuna wannan, ko a Jamus. Riƙe kuɗinka ka ƙara a cefane, ka zauna ka saurare ta. In barci da cin abinci sun gagare ta makonni, kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ta ga likita.